Na ƙwace littafin da 'yata ke karantawa, yanzu ta daina yi min magana

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, babbar 'yata shekararta 15. Tun tana ƙarama Allah ya sa mata son karatu, ni ma ina alfahari da hakan. Bana sai ta koma wa littattafan labarin matasa, wasu na takarda da take arowa wurin 'yan ajinsu, wasu a waya. Kwanaki ina gyara ɗakinsu na ɗauki ɗaya na buɗe tsakiya. Labarin wata 'yar makaranta ne da ƙawayenta suka sa ta gaba sai ta yi saurayi kamar kowa, shi kuma saurayin ya dame ta sai ta tura masa hoton da bai dace ba. Jikina ya yi sanyi. Na ƙwace littafin da wayar, na yi mata faɗa sosai a gaban ƙannenta. Babanta ya ce a ƙone su duka, daga yau ba ta da abin karantawa sai littafin makaranta. Tun ranar, in ta gaishe ni shi ke nan. Abin da ya fi damuna, tun kafin wannan ta canza. Ta daina zancen ƙawarta ta tun firamare, ta shiga cikin wasu 'yan mata da ban san su ba, kwanan nan kuma kullum da safe sai ta ce kanta na ciwo. Na lura ta ja layi da fensir a wani shafi, inda yarinyar labarin take zaune ita kaɗai an tashi tara, ba wadda ta kula ta. Anti, littattafan nan ne suka ɓata min yarinya? Yaya zan yi?

Daga wata uwa mai damuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Duk uwar da ta buɗe littafin 'yarta ta ci karo da abin da kika gani, dole gabanta ya faɗi, don haka ban ga laifinki da kika firgita ba. Amma a cikin duk abin da kika rubuto ban ga alamar littafi ya ɓata miki yarinya ba. Abin da nake hangowa shi ne yarinyar da wani abu ke ci mata rai a makaranta, ta rasa wanda za ta faɗa wa, ta samu labarin da ya yi kama da nata ta rungume shi.

Fensir ɗin nan ne ya sa na faɗi haka. Mai karatu ba ya jan layi sai a inda magana ta taɓa shi. Da kalaman saurayin ne suka tafi da hankalinta, a ƙarƙashinsu za ki tarar da layin. Sai ga shi inda ta tsaya shi ne inda aka bar yarinya ita kaɗai. Ki haɗa wannan da ƙawar da aka daina zancenta, da ciwon kan da ba ya zuwa sai lokacin shirin makaranta.

Irin waɗannan littattafai ana rubuta su ne musamman don 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma ba yau aka fara ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe fagen shi ne The Outsiders, da ya fito a Amurka a 1967. Marubuciyarsa, S. E. Hinton, tana sakandare ta fara rubuta shi, sa'ar 'yarki, saboda littattafan da ake ba matasa a lokacin ba su yi mata kama da rayuwar da take gani ba, inda 'yan makarantarsu suka rabu gida biyu, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, kowane ɓangare na harar ɗaya. Daga nan marubuta suka riƙa ɗauko abin da ke damun yara da gaske: son farko, ƙawance da ɓatawa, tsoron a ware mutum, taba da ƙwaya, cin zarafi. Soyayya da matsin ƙawaye sun cika littattafan ne don su ne suka cika gaban yaro a waɗannan shekaru, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Mu manya mukan raina ƙarfin wannan matsi don mun daɗe da wuce wurin. A 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Temple ta Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. Fitilar hanya za ta nuna ruwan ɗorawa, mutum ya zaɓa, ko ya tsaya ko ya ci gaba ya yi kasadar karo. Manya 'yan 24 zuwa sama, ko su kaɗai ko a gaban sa'o'insu, tuƙinsu kusan ɗaya ne. 'Yan 13 zuwa 16 kuwa, da an zaunar da sa'o'insu biyu kusa da su, kasadar da suke yi takan ninka. A 2011 aka sake irin gwajin ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abokan suna wani ɗaki dabam suna kallo kawai, amma sanin ana kallon ya isa ya zaburar da sashen ƙwaƙwalwa mai kwaɗayin abin daɗi. Sashen gaba, wanda ke taka wa mutum burki, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Shi ya sa yarinya mai tarbiyya da hankali ma takan yi a gaban ƙawaye abin da ita kaɗai ko kusa ba za ta yi ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a shekara 15 kan ya fi saurin ɗauka.

To a nan littafi mai kyau yake da rana. Nasihar da muke yi wa yara gajeriya ce: kada ki bi ƙawayen banza, kada ki kula samari. Gaskiya ce, sai dai ba ta nuna wa yarinya ta inda abin ke shigowa. Ba wadda za ta zo ta ce mata zo mu lalace. Da wasa ake farawa. "Ke har yanzu yarinya ce." "Mu fa ba ma tafiya da matsoraciya." "Kowa ma yana yi." Daga nan a buɗe sabon zaure a WhatsApp a bar ta a waje, ta shigo aji ana hira a yi tsit. Shi ma saurayin da lallashi yake zuwa: "In da gaske kina sona me zai hana ki tura? Ni kaɗai zan gani, yanzu zan goge." Marubucin da ya san aikinsa yakan bi wannan hanya taki-taki, shafi bayan shafi, mai karatu tana cikin zuciyar yarinyar, tana jin lokacin da ta so ta ce a'a bakinta ya yi nauyi, tana kuma ganin abin da ya biyo baya. Ranar da wani ya zo mata da irin wannan magana a zahiri, ta riga ta san muryar, ta san inda hanyar ta ɓulla. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Littafin kirki kuma ba ya yaudarar yaro cewa da ya ce a'a kowa zai tafa masa. Yakan nuna masa ƙin bin ayari da wuya: a daina kula shi, a yi da shi, ya zauna shi kaɗai kowa na wucewa. Shafin da 'yarki ta ja wa layi ke nan. Ina so ki ajiye wannan a ranki: zai yiwu ita ce ta ƙi yin wani abu, ake horar da ita da wariya. In haka ne, kin ga tana cikin biyan bashin tarbiyyar da kika ba ta ne faɗan ya same ta a gida. Ba don in ɗora miki nauyi na faɗa ba, a lokacin ba ki sani ba.

Duk da haka tsoronki da na babanta yana da tushe. A cikin littattafan nan akwai baragurbi, kuma ba kaɗan ba. Akwai masu nuna mugun kishi a matsayin so: saurayi yana binciken wayarta, yana raba ta da ƙawayenta, yana daka mata tsawa, marubuci kuma yana ta kambama shi wai tsananin ƙauna ce, a ƙarshe haƙurinta ya gyara shi. Ni a wurina irin wannan ya fi shafin da kika gani haɗari, domin yana koya wa yarinya ta haɗiye wulaƙanci da sunan so, kuma sau da yawa ba kalmar batsa ko ɗaya a ciki da za ta ja hankalin uwa. Akwai waɗanda babban mutum ke neman 'yar makaranta a mayar da abin na burgewa. Akwai waɗanda duk iyaye da malaman da ke ciki ko azzalumai ne ko sakarkaru, har yaro ya tashi da tunanin ba amfanin gaya wa babba komai. Akwai kuma batsa tsagwaronta da aka lulluɓe da sunan labari.

Don an rubuta a bango cewa na matasa ne, kada ki saki jiki. Wani bincike da kamfanin Bowker ya fitar a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen irin waɗannan littattafai 'yan 18 ne zuwa sama, masu wallafa kuma sun san wa ke fitar da kuɗi, shi ya sa wasu littattafan sun fi dacewa da 'yar 20 a kan 'yar 15. Na waya sun fi bukatar sa ido. A manhaja irin Wattpad, ɗan shekara 13 zai iya yin rajista, kowa zai iya ɗora labarinsa ba tare da edita ya duba ba, kuma marubucin ne da kansa yake sa alamar cewa labarinsa na manya ne. Wanda ake yawo da shi a WhatsApp ko wannan alamar ba shi da ita. Manyan kamfanoni ma sukan wuce gona da iri. A 2019 Netflix, kamfanin da ke nuna fina-finai ta intanet, ya cire fagen da jarumar ta kashe kanta daga shirin 13 Reasons Why, wanda daga littafin matasa aka ɗauko shi, shekara biyu bayan fitowar shirin, bisa shawarar masana lafiya.

Don haka ambaton saurayi kaɗai bai isa a yanke wa littafi hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko marubucin ya nuna abin da mummunan zaɓi ke jawowa, ko kuwa ado ya yi masa; ko yarinyar labarin tana da bakin cewa a'a, da burinta da ƙawayenta, ko duk rayuwarta a tafin hannun wani take; ko akwai babba ko da ɗaya da yaro ya je wurinsa ya samu mafita. Daga tsakiyar littafi ba za ki gane wannan ba. Aikinki na farko ke nan, ki ɗauko shi ki karanta daga farko har ƙarshe kafin a sake maganar ƙonawa.

Babanta kishin 'yarsa ne ya sa shi faɗin haka, kuma uba mai irin wannan kishi abin godiya ne. Kada ki ja da shi a gaban yara. Ki bari sai ya natsu, ku biyu, ki nuna masa shafin nan, ki gaya masa zancen ciwon kan safe. Ki tuna masa cewa ko an ƙone littafi, 'yan ajin da za ta tarar gobe suna nan, labarin ma yana nan a wayar wata. Abin da zai canza kawai, daga ranar a ɓoye za ta riƙa karatu, ku kuma ba za ku ƙara sanin abin da ke shiga kanta ba. Wasu littattafan ma aro ne, kayan mutane. Ki roƙe shi ya ba ki wata guda ki gwada taki dabarar. In ya kafe sai an hana, ku haɗu a tsakiya: a ajiye su a hannunki, wanda kika karanta kika gamsu ki miƙa mata.

Ita kuma ki fara da abin da ya fi ƙona mata rai. Ina kyautata zaton tozarcin gaban ƙanne ya fi mata ciwo a kan rashin wayar, domin babbar 'ya tana ji da girmanta. Ki kira ta ɗaki ku biyu ki ce, "Abin da na gani ya tsorata ni, shi ya sa na yi faɗa, amma bai kamata in yi miki a gaban ƙannenki ba." Wannan ba zai rage miki komai a matsayinki na uwa ba. Kada ki biyo da "amma ke ma", kada kuma ki tsare ta sai ta amsa. Ki bar maganar ta kwana.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, in kin gamsu da littafin, ki mayar mata ki ce kin karanta. Sai ki ɗauko zancen yarinyar labarin. "Ni fa ƙawar nan tata ta ba ni haushi. Ke a ganinki me ya hana ta rabuwa da su?" Ko kuwa, "Da ke ce aminiyarta, me za ki ce mata?" Yaro yakan iya amayar da abin da ke cikinsa in da sunan wani ake maganar. Ku yi hirar hannuwanku na kan wani aiki, ko kuna tafe, domin kallon ido cikin ido yana ɗaure wa yara harshe. In ta ce, "Akwai wata a ajinmu da aka yi wa haka," kada ki ce "Ke ce ko?" Ki ce, "Allah sarki, to yaya ta yi?" ki yi shiru ki saurara. Zancen fensir kada ya fito daga bakinki, za ta ji kamar an leƙa zuciyarta ba da izininta ba. Abin da zai fi miki wuya shi ne daurewa in ta faɗi abin da ya girgiza ki, kada salati da tafa hannu su riga ki. Yadda kika karɓi ƙaramar magana shi zai nuna mata ko za ta kawo babba. Kada kuma ki yi mata alkawarin ba mai ji. Ki ce duk abin da ya zama dole babanta ya sani, tare za ku shirya yadda za a gaya masa.

In kuwa littafin bai gamsar da ke ba, ki faɗa mata dalili da misali daga cikinsa: "Kin ga inda ya karɓe mata waya ya ce don yana sonta ne? Mai son mutum ba ya yi masa haka." Sannan kada ki bar ta hannu wayam. Ki nemi malamin adabi ko mai kula da ɗakin karatu ya ba ku sunayen waɗanda suka dace da shekarunta, ita ta zaɓa. Wayar ma ki mayar mata da sharaɗi bayyananne: da dare a wurinki take kwana, in za ki duba kuma a gabanta za ki duba.

Zancen tsohuwar ƙawarta ya tsaya min a rai. A farkon shekarun 1950 wani masani mai suna Solomon Asch ya yi gwajin da ya shahara a Amurka. Za a nuna wa ɗalibin jami'a layuka a tambaye shi wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, abu a fili, amma sauran 'yan ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar kuskure. Kusan uku cikin huɗu sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suna gani da idonsu. Da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi amsar gaskiya, bin jama'ar ya ragu matuƙa. 'Yarki ba sai duk ajin sun so ta ba, ƙawa ɗaya ta gari ta ishe ta tsayawa da ƙafarta. Ki tambaye ta lafiyar waccan ƙawar cikin hira, ba da sigar tuhuma ba. In ɓatawa suka yi, ki buɗe musu hanyar haɗuwa, amma kada ki tilasta. Sababbin kuma kada ki yanke musu hukunci ba ki gan su ba. Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma wadda ke matsa wa wasu sau da yawa ita ma tsoron wariyar take ji. Ki ce ta gayyato su gida. Abin da za ki tsinta a hirarsu kina gefe kina aikinki ya fi abin da binciken waya zai ba ki.

Ki kuma ba ta abin kare kanta. Yaro yana jin kunyar ya ce "ba na so" a gaban sa'o'insa, amma ba ya jin kunyar ya ce "an hana ni". Ki ce mata, "Duk inda aka matsa miki, ki ce Mama ba za ta bari ba, ki ɗora min laifin duka, na yarda." Ku tsayar da wata kalma tsakaninku, wadda in ta turo miki ita a saƙo za ki kira ta nan take ki ce ta dawo gida, ba tambaya sai ta natsu.

Ciwon kan, ki kai ta a duba, har da idanu tunda mai yawan karatu ce. In likita bai ga komai ba, kuma ciwon ba ya zuwa ranar hutu, ki je wurin malamar ajinsu a asirce ki tambaya da wa take zama, me ya canza a ajin. Ki roƙi kada a tara yara a yi shari'a a bainar jama'a, domin ita za a huce a kanta bayan kin tafi. In kuma duk kin yi wannan ta ƙi sakewa da ke, kada ki ji haushi. Ƙanwarki ko goggonta da take sakin jiki da ita ta ɗauki hirar, muddin mai hankali ce kuma za ta sanar da ke abin da ya kamata ki sani.

Akwai maganar da ba na son yi amma dole. In ya bayyana ana matsa mata ta tura hoto, ko ta riga ta tura, abin da zai fara fita daga bakinki ya zama "Ina tare da ke." Mai yi wa yarinya barazana da hoto, babban makaminsa shi ne tsoron kada iyaye su ji. Kada a ba shi kuɗi, kada a ƙara tura masa komai. A ɗauki hoton saƙonninsa a adana kafin a toshe shi, a kai rahoto ga dandalin da kuma hukuma, domin yaɗa irin wannan hoto na 'yar shekara 15 babban laifi ne a doka. Akwai shafin Take It Down na cibiyar NCMEC ta Amurka mai kare yara daga cin zarafi, kyauta ne, an yi shi don 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayar, wata lamba ake ciro daga jikinsa, wadda dandamali irin Facebook da Instagram da TikTok ke amfani da ita su gano shi su cire. In kuma kika ga ta daina cin abinci, barci ya gagare ta, tana ji wa kanta ciwo, ko ta fara cewa gara ta mutu, to abin ya wuce hirar littafi, a ranar za ki kai ta wurin likita.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare miki ita. Ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi da babanta.